Ranar da Na Yi Guɗa a Tsakiyar Goge

Ko da zan manta komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Sentul ba, ranar da wani tsohon Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana ya ɗana tarko, ni kuma na ci kwalliya da sabon leshi, na hau jirgin ƙasa da ƙafata, na je na faɗa ciki a gaban 'yata.

Sai na fara gaya muku ko ni wace ce, in ba haka ba ba za ku gane girman abin ba. Ni ce mai guɗar matan Najeriya na Pantai Dalam. Babu wanda ya naɗa ni, muryata ce ta ba ni kujerar. Suna ne, walimar gama digiri ce, amarya ce aka kawo wa wani ɗalibi a Bukit Jalil, ni ake bugo wa waya. A wurin goggona na gada, can Yakasai, matar da in ta kama hanci ta rangaɗa sai 'yan bayan layi sun leƙo. A nan ma akwai ranar da mai gadin benenmu ya hauro da gudu yana tambaya ko ƙararrawar gobara ce ta tashi. (Na ji daɗin tambayar nan fiye da yadda ya kamata.)

Karatu ne ya kawo mu. Abban Nusaiba ya zo yin digiri na uku, ya gama, aka riƙe shi koyarwa, kuma ga shi yarinyar da muka zo da ita a goye yanzu ta fi ni tsawo. Nusaiba tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ba ta yi. In na ce, "Kin ci abinci?" sai ta ce, "Dah makan, Umma," wato ta ci, ko ta ce, "Later lah," ta shige ɗaki. A makaranta ta ɗauko goge. Ita violin take ce masa, har tana ɓata rai in na ce goge, amma ni dai abin da za a ɗora a kafaɗa a goga masa sanda ya yi kuka, goge ne. Da farko ban so ba, don kun san irin sunan da goge yake da shi a gida (har yau Hajiyata a Kano ta ɗauka darasin lissafi yarinyar take zuwa ran Asabar). Ubanta ya ce a ƙyale ta. Malamarta kuma, Madam Yap, wata 'yar guntuwar mata 'yar ƙabilar Sin mai saurin magana, ta ce yarinyar tana da kunne.

Duk wasan da suka yi a gaban jama'a, ubanta take gayyata. Ni ba ta taɓa cewa in zo ba, kuma na san dalili. Tana firamare aka yi ranar rabon kyaututtuka, aka kira sunanta, na yi abin da na saba, shugabar makaranta ta saki takardar hannunta don firgita. Tun daga ranar aka yi mini ritaya. Ko gwaji za ta yi a gida sai ta rufe ƙofa, ni ina kicin ina jiyo kukan gogen ta bango. Ina nuna kamar ban damu ba, amma wallahi abin yana cina. Yarinyar da na goya tana da duniya guda sukutum da ubanta yake shiga ya fita, ni ko leƙe an hana ni.

Sai Allah ya kawo wani taro a Penang da ya zama dole Abban Nusaiba ya je, kuma ya faɗo daidai da wasansu na ƙarshen zango. Ina tsaye ina tuƙa tuwon shinkafa ta zo bakin kicin tana murza yatsu.

"Umma, Abba ba ya nan Saturday ɗin concert. Madam Yap said one parent must come."

Na ce, "To ai ga ni."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa tukunyar da ake tsoron za ta yi bori.

"Boleh," in ji ta, wato to, babu laifi. "But Umma, please, ban da guɗa. Clap only. And only at the end."

"Haba Nusaiba, sai ka ce wata yarinya?"

"Promise, Umma."

Na yi alkawari. Da ta juya na saki muciya na yi 'yar rawa ni kaɗai a kicin. Amma can ƙasan raina na san wannan ce gayyata ta farko, kuma in na ɓata ta, ita ce ta ƙarshe.

Don haka na ɗaura ɗamarar karatu. Akwai wani ƙaton littafinta na tarihin kiɗan Turawa, cike da hotunan maza masu farin gashin aro kamar alƙalan da. In ta tafi makaranta sai in ɗauko shi in jingina da tulun shinkafa, ina girki ina karantawa, abin da ban gane ba in nema a waya. Sunayen mutanen suna karya mini harshe, sai na raɗa wa kowa nasa. Da yamma kuma in sauka hawa na ƙasa wurin ƙawata Maman Fadil, 'yar Katsina, in ba ta labarinsu kamar 'yan unguwarmu ne.

Akwai Baban Yara, wani Bajamushe mai kiɗan coci da ya haifi 'ya'ya ashirin. Maman Fadil ta ce, "Wannan ai namu ne, fata ce kawai ta bambanta." Bayan ya mutu aka jingine kiɗansa shekara da shekaru kafin wasu su tono shi su gane irin abin da suka yi wa riƙon sakainar kashi. Akwai Ɗan Baiwa, wanda tun yana ɗan mitsitsi ubansa yake yawo da shi a keken doki daga wannan fada zuwa waccan yana kaɗa wa sarakuna, kuma bai kai shekara arba'in ba ya rasu. Maman Fadil ta girgiza kai ta ce, "Baki ne ya kama shi. Ka dinga nuna yaro haka ba tofi ba komai?"

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Kurma. Mutum ne mai zafin rai, gashi buzu-buzu, ba ya daɗewa a gidan haya ɗaya. Yana tsakiyar ƙarfinsa kunnensa ya fara mutuwa, har ya toshe gaba ɗaya, amma bai daina rubuta kiɗa ba. An ce ranar da aka fara kaɗa wani babban aikinsa yana tsaye a gaban makaɗa, bayansa ga jama'a. Aka gama, zaure ya kaure da tafi, shi bai sani ba, yana ta kaɗa hannu abinsa, sai da wata mawaƙiya ta kama hannun rigarsa ta juyo da shi ya ga tafin da idonsa. Na karanta wannan na zauna a kan kujerar kicin na yi kuka shaɓe-shaɓe, ko albasa ban fara yankawa ba. Mutum ya yi aiki irin wannan a yaba masa bai ji ba! Na ce a raina, in Allah ya yarda tawa 'yar za ta ji nata.

Sai na huɗu, wanda kiɗansa su Nusaiba za su yi. Babinsa dogo ne, amma babu abin gulma a farkonsa ko kaɗan. Shekaru masu yawa ya yi a gidan wani basarake guda, makaɗin fada ne sosai, a ba shi riga ya sa, a ce ya rubuta kiɗa ya rubuta, yaransa suna ce masa Baba, ya tsufa da mutuncinsa ya mutu. Na karanta shafi ɗaya na yi hamma, na raɗa masa Baba Salihi, na tsallake zuwa babi na gaba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Na kuma koyi ƙa'ida. Irin wannan kiɗan kashi-kashi ne, nasu kashi huɗu, kuma tsakanin kashi da kashi makaɗa suna ɗan tsayawa, amma ba a tafi sai an gama duka. Har wa'azi na yi wa Maman Fadil a kai. Na ce mata, "Ke, tafi a tsakiya ai ƙauyanci ne. Da haka ake gane wanda bai waye ba." Ni da bakina na faɗa, da shaida.

Ranar Asabar na sa leshina ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi, na yi turare. Nusaiba ta sa baƙar doguwar riga da baƙin hijabi, ta rataya akwatin gogenta a baya. Ana ruwan nan na bayan azahar muka hau jirgi zuwa Sentul. Zauren ƙarami ne, a saman wasu shaguna, sanyin na'ura kamar a cikin firji. Kujerata ta faɗo kusa da wani dattijo ɗan Sin mai sanda, ya ce jikansa ne yake kaɗa ƙaton gogen a rukunin su Nusaiba. Ban bari damar ta wuce ba. Na buɗe takardar shirin, na nuna masa hoton Kurma, na ba shi tarihinsa da Turancina na sakandaren 'yan mata. Ya ce, "Wah, auntie knows a lot ah!" Kaina ya ƙara girma har ɗankwalin ya matse ni.

Kashin farko na taron na ƙananan yara ne. Kowa ya yi nasa aka tafa masa. Akwai wani yaro mai ƙiba da ya yi wa gogensa kisan gilla, abin kamar ana jan teburi a kan siminti, amma aka tafa masa raf-raf-raf har da ba shi fure. Na tafa ni ma, a hankali, irin na wayayyu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci la'asar ta yi, sai na sauka surau, ɗan masallacin da ke ƙasan ginin. Na tarar da layi a wurin alwala, ga leshi ba ya son ruwa, ga ɗankwali sai an sake ɗaurawa. Kafin in hauro an koma. Na shigo daidai lokacin da Madam Yap take ƙarasa wani bayani a kan dandamali, ta ɗora yatsa a leɓe, jama'a suna dariya. Na ce a raina ai maganar kashe waya ce. Na kashe tawa na zauna, ina jin kaina cikakkiyar 'yar gari.

Sai ga su Nusaiba sun fito su huɗu. Ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, sai ƙaton da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Nusaiba ce a kujerar farko. Ban san ita ce jagora ba, babu wanda ya gaya mini. Ta ɗaga sanda, ta ja numfashi, ta ɗan gyaɗa kai, sauran ukun suka bi ta kamar ta ja su da zare. Shekara nawa ina jin wannan gogen ta bango, ban taɓa ganin fuskarta tana kaɗa shi ba sai ranar. Girarta tana hawa tana sauka, tana murmushi ita kaɗai, tana yi wa yaron ƙaton gogen magana da ido. Wannan ba yarinyar "later lah" ba ce. Zuciyata ta cika fal.

Duk da haka ban manta aikina ba. Hannuna yana ƙarƙashin mayafi ina lanƙwasa yatsa. Aka gama kashi na ɗaya, na zauna kamar gunki. Na biyu ma haka. A ƙarshen na uku wani mutum ya yi tari a bayana, na juya na galla masa harara, ni mai tsaron ƙa'ida. Aka shiga na huɗu, wani kiɗa mai sauri mai tsalle-tsalle kamar yara suna wasan guje-guje a tsakar gida. Ya yi ta zagayawa yana dawowa, ya ɗan lafa, ya sake tasowa, sannan ɗif, ya tsaya.

Na duba yatsuna. Huɗu cif. Na ware tafin hannu ina jira wani ya fara in bi.

Shiru.

Na dubi dama, na dubi hagu. Kowa ya ƙura wa dandamali ido, wasu har da ɗan murmushi, amma babu wanda ya motsa hannu. A gaskiya shirun bai fi a ja numfashi biyu ba, amma ni a cikinsa na yi shari'a na yanke hukunci. Au, yaron da ya ja teburi a siminti an tafa masa har da fure, 'yata ce ba za a tafa wa ba? Ita kaɗai ce baƙar fata a kan dandamalin nan, ita kaɗai ce mai hijabi, ita ta ja su tun daga farko, shi ne za a zuba mata ido ana murmushi? Sai ga Kurma ya faɗo mini a rai, tsaye, bayansa ga jama'a, bai ji komai ba. Alkawari kuwa ban san ta inda ya fita ba.

Na miƙe tsaye, na kama hanci, na rangaɗa.

"Ayyiririririiii!"

Ba don yabon kai ba, ban taɓa yin guɗa mai kyau irin ta ranar ba. Zauren an gina shi ne don sauti, ya karɓe ta ya juya ta ya dawo mini da ita ninki biyu. Da goggona tana raye da ta ce na haifu. Ina shirin jan numfashi in ƙara ta biyu na ji ana jan gefen mayafina. Dattijon nan ne, idonsa waje, yana raɗa:

"Auntie, not yet lah! Not yet!"

Kafin in fahimci me yake nufi, gogen Nusaiba ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Jama'a, ashe ba a gama ba.

Suka ɗan kaɗa kaɗan, suka sake tsayawa ɗif. Ni kuma ina tsaye ƙiƙam a tsakiyar zaure cikin leshi ruwan zuma, hannuna a hanci. Na ce bari in zauna a hankali. Kujerar irin mai naɗewa ce, tana ganin na tashi ta naɗe abinta. Na laluba ta baya na danno ta, ta yi wani ƙiiii mai tsawo, daidai cikin shiru na biyu. Suka sake kaɗa 'yar gaɓa, suka sake tsayawa. A wannan karon na ji wata mata a gaba ta toshe baki tana shaƙewa. Yaron ƙaton gogen kafaɗunsa sai rawa suke, ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma muna hawa na biyu, ko ta tsage shagon gyaran waya zan faɗa.

Nusaiba ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da ta harare ni ma da ya fi mini sauƙi. Fuskar nan da take murmushi ɗazu ta daskare. Shirun ƙarshe ya fi duka tsawo. Sannan ta ja gaɓar ƙarshe, wadda ya kamata ta fito a hankali kamar raɗa, sai ta fito a karye, da ɗan ƙaiƙayi a tsakiya. Suka sauke sanduna. Zaure ya fashe da tafi da dariya gaba ɗaya. Ni da na zo musamman don in tafa, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

A waje an jera shayi da kuih, 'yan ƙananan kayan zaƙin nan nasu masu launi-launi. Ina neman hanyar banɗaki in ɓuya Madam Yap ta tare ni, ta kama hannuna biyu, idonta har da hawayen dariya. Da Turancinta mai gudu ta ce abin da ta sanar bayan hutu ke nan, cewa ƙarshen kiɗan nan tarko ne, kowa ya riƙe hannunsa sai ya ga an sauke sanda. Ta ce tsohon da gangan ya rubuta shi haka, ya tsaya kamar ya gama, ya ci gaba, ya sake tsayawa, don ya kama masu gaggawa ya yi musu dariya. Ta ce a zamaninsa mutane ba sa zama shiru kamar a makoki, suna tafi inda ya yi musu daɗi, suna hira, har su ce a maimaita, wannan zaman tsit ɗin daga baya aka ƙirƙiro shi.

Ta ce, "Puan," wato uwargida, "na daɗe ina koyar da kiɗan nan, ban taɓa ganin ya kama mutum kamar yau ba. Da tsohon yana nan, he would be so happy!"

Wato Baba Salihi. Mutumin da na ce ba shi da labari. Ashe tsohon shaƙiyyi ne, yana kwance a kabarinsa yana jiran wata 'yar Yakasai.

Maganarta ta ɗan sanyaya mini rai, amma ba ita na ɓata wa ba. Nusaiba ta fito da akwatinta a baya, ƙawayenta suna biye da ita suna kama hanci suna gwada abin, ɗaya har tana ce mini, "Auntie, do again!" Ba da mugunta suke yi ba, na sani. Ita dai ta wuce ni ta nufi matakala, na bi ta a baya kamar ni ce 'yar.

Sai da jirgi ya wuce tasha biyu ta yi magana, idonta a kan taga.

"You promised."

Na ce, "Na ga ba su tafa miki ba ne, Nusaiba. Na ɗauka raina ki suka yi."

"They were waiting, Umma. Kowa yana jira. Ke kaɗai. That last line, wata biyu ina practice. It cracked."

Sai na kama ba ta labarin Kurma, yadda aka tafa bai ji ba, yadda na yi kuka a kicin, yadda na ce ita sai ta ji nata. Ta juyo ta dube ni da jajayen idanu.

"I know the story. Amma ni ba kurma ba ce, Umma. Duk Sentul sun ji ki."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Abban Nusaiba ya dawo, aka ba shi labari, ya fara dariya har da riƙe ciki, ya ga fuskokinmu ya mayar da ita tari. Maman Fadil kuwa da na je mata da kukana, ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Allah sarki. To amma Maman Nusaiba, tuna mini, da me kika ce ake gane wanda bai waye ba?" Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar ɗakin tana rufe kamar kullum, amma yanzu babu kukan goge ta bango. Shiru kawai. Da ina ƙorafin an hana ni gani, yanzu jin ma na rasa.

Na ɗauko littafin na buɗe babin da na tsallake. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, shafi biyu kacal gaba da inda na yi hamma, har da bayanin tsaye-tsayen. Sai a lokacin na tuna ina jiyo ta ta bango tana kaɗawa tana tsayawa, tana kaɗawa tana tsayawa, ni kuma ina kicin ina cewa, Allah sarki, wurin nan yana ba ta wahala, har addu'a nake yi mata Allah ya sa ta daina tuntuɓe.

Mu iyaye mata na gida ba mu iya ba ɗa haƙuri da baki ba, da abinci muke bayarwa. Na yi mata ɗanwake da mai da yaji, ta ci ta ce thank you. Na sauka wurin mamak, mai shagon abincin unguwarmu, na yi mata tapau, wato ƙunshin roti, gurasar nan da take so, ta ci ta ce thank you. Wannan thank you ɗin ya fi zagi ciwo. Da na ga abinci ya gaza, wata Lahadi da hantsi na je na tsaya a bakin ƙofarta, ban ma ƙwanƙwasa ba, na ce ta jikin katako, "Nusaiba, na karya alkawari, na ɓata miki abin da kika sha wahala a kansa. Ki yi haƙuri." Hajiyata ba ta taɓa gaya mini irin wannan ba, ni ma sai da na ji kamar ina haɗiyar ƙashi. Ba ta amsa ba. Na koma kicin na kama wanke kwanukan da na riga na wanke.

Can sai na ji an buɗe ƙofa. Ta fito falo da gogen a hannu, ta janyo kujera ta ajiye a tsakiya.

"Umma, zo ki zauna."

Na zauna, hannuna da kumfa.

"Ki kalli sanda. In ba ta sauka ba, ba a gama ba. Faham?"

Na gyaɗa kai. Ta ɗora shi a kafaɗa ta fara kashin nan na huɗu, ni kaɗai a gabanta, ba bango a tsakaninmu. Ta zo wurin tarkon ta tsaya ɗif, sanda a sama, ta kafe ni da ido. Na cusa gefen mayafi a baki. Ta ci gaba, ta tsaya, ta ɗaga gira. Na ƙara cusawa. Na ga gefen bakinta yana motsi. Ta ja shirun ƙarshe har sai da na ji motar kwasar shara a ƙasa, sannan ta saki gaɓar ƙarshe, siririya, lafiyayya, ba karaya ko kaɗan. Ta sauke sanda a hankali har ta taɓa gwiwarta.

Ta ce, "Umma, yanzu ki yi."

Na miƙe, na kama hanci, na buɗe baki. Ni mai guɗar Pantai Dalam, magajiyar goggo, wadda ta sa mai gadi gudu. Babu abin da ya fito sai wani ɗan ƙiƙ kamar na kazar da ta haɗiyi tsakuwa. Hawaye suna bin hannun da na kama hanci da shi. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni. Nusaiba ta dube ni, ta ajiye gogen a kan kujera don kada ya faɗi, ta durƙushe a ƙasa tana dariya har tana buga kafet.

Wasan da suka yi bayan wannan, ubanta yana gari, amma kujera biyu ta karɓo. Tawa ta sa an ajiye kusa da dattijon nan mai sanda, kuma na lura duk lokacin da makaɗa suka tsaya hannunsa yana kusa da mayafina.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na daina tsallake babin mutum don na ga kamar salihi ne, su ne suka fi iya ɗana tarko. Kuma yanzu in na ji shiru, ko a zaure ko a bayan ƙofar 'yata, ba na saurin cewa an gama, ba na saurin cewa an raina mu. Sanda nake kallo.